Dawo Gobe

Ran Asabar na buɗe keji,
na ce, Lauya, taso mu sha iska.
Wata bakwai ke nan yana kallon bango ɗaya,
tun da aka rufe shagon Baba,
aka lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane.
Ya tako hannuna a hankali
kamar mai gwada zurfin Kubanni da damina,
ya hau kafaɗa, ya gyara jar wutsiya.

A bakin layinmu na Gyallesu
yara suka watsar da ƙwallo.
“Aku mai bakin magana! Faɗi sunana!”
Ya dube su da ido ɗaya
kamar alƙalin da bai karya kumallo ba.
Ko uffan.

Mai Napep ya ce, “Kai ɗari biyu, shi ɗari.”
Na ce, ai a kafaɗata yake.
Ya ce, “Duk mai baki fasinja ne.”
Na biya.

A Tudun Wada mai awara ta ja mayafi:
“Ɗan nan, matsa da shi can,
kada ya kwashi zancena ya kai gidan wasu.”
Wata ɗalibar Kongo ta ɗaga waya ba sallama,
ta ɗauke mu hoto, sannan ta ce, “Yana jin Turanci?”
Wani mai jan ido ya raɓo, ya rage murya,
gashi ɗaya yake so, na wutsiya,
wai akwai aikin da za a haɗa,
dubu biyar, hannu da hannu.
Lauya ya miƙa wuya ya ba shi amsa a ɗan yatsa.

Daga nan ne, ban san me ya gani ba,
ko yadin da ke hammatar wani dattijo,
ko ƙarar keke daga shagon da ba namu ba,
ya kumbura ƙirji ya ce:
“Dawo gobe! Saura maɓalli!”

Titi ya tsaya.
Dattijon ya juyo, goro a kunci:
“Wallahi akun Tanimu tela ne!
Shekara biyu ina cin wannan goben!”
Mai gyaran agogo ya ce, “Shaddata Sallah biyu ta yi a wurinsa.”
Aka tuntsire, har da mai awara.
Da dariya ta lafa, dattijon ya kama bakin rigarsa,
ya juya mana ɗinkin:
“Ku duba. Shekara tara. Ko zare bai motsa ba.
Allah ya jiƙan Tanimu.”

Muka ƙarasa teburin Barau mai shayi
rana na sauka bayan Kufena.
Ya ba mu baya, yana fifita garwashi.
Sai Lauya ya yi tari.
Biyu manya, ɗaya ƙarami a baya,
irin wanda muka kwana muna ji daminar bara.

Barau bai waiwayo ba.
“Na ji ka,” ya ce, “ba sukari, na sani.”
Ya ɗauko kofin nan mai tsagaggen baki,
ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya,
ya juyo.

Ni ya gani, da tsuntsu.

Kofin ya zauna tsakaninmu yana hayaƙi.
Ban sha ba, bai ɗauke ba.
Ya gutsuri burodi ya miƙa wa Lauya,
ya ce hayaƙin gawayin nan na bana ba shi da kyau,
ya goge ido da gefen hula.

Na zaro kuɗi, ya ture hannuna.
Na miƙe, ƙafa ta yi nauyi.
Har mun kai bakin kwalta
Lauya ya waiwaya daga kafaɗata:
“Dawo gobe!”

Barau ya ɗaga hannu.
“To,” ya ce, “Allah ya kai mu.”